Daga Mazarƙwaila Zuwa TomTom: Yadda Alewar 'Yargoje Ta Riƙa Ramewa

Mai karatu, in kana son sanin halin da kuɗin ƙasar nan ke ciki, ba sai ka wahalar da kanka zuwa Babban Banki a Abuja ba. Tsaya kawai a gaban mai tebur a 'Yargoje, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, ko ka tare yarinya mai tallar alewar madara a Faskari ko Sabuwa, ka sayi guda ɗaya ka ɗora a tafin hannunka. In ka haura shekara arba'in a duniya, na san abin da za ka ce: “Kai! Wannan kuma ai ba ta kai rabin ta zamaninmu ba.” Wani zai ce maka hannunka ne ya girma. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin komai a idon yaro babba ne. Amma alewar ma ta rame, kuma ramar tata tana da tarihi.

Bari mu faro daga tushe. Kafin farin sukari ya zama abin kowa da kowa, zaƙin ƙasar Hausa daga gona da daji yake fitowa. Akwai zuma, akwai rake na fadama, akwai takanɗa, akwai ɗinya da ake dafawa a yi maɗi, ga dabino da fatake ke kawowa daga arewa. Ita kanta kalmar “alewa” baƙuwa ce, daga Larabci ta zo, wato “halawa”, abin da ke nuna maka cewa tun da daɗewa zaƙi na tafiya tare da fatauci. Da waɗannan ne iyayenmu mata ke haɗa nakiya da alkaki da daƙuwa da kantun riɗi. Daga baya aka sami injin matse rake wanda doki ke juyawa, a dafa ruwan har ya yi kauri a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Mazarƙwaila ke nan, wadda ƙasar Zazzau, musamman Maƙarfi, ta yi suna a kanta, kuma take cika kasuwannin kudancin Katsina da rani.

Su wa ke wannan sana'a ta kayan zaƙi? Akasari matan aure ne a cikin gida, 'ya'yansu kuma su fita da farantin talla. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da birnin Katsina, ta yi bayanin wannan ciniki na cikin gida a littafinta Rural Hausa na 1972, inda ta nuna cewa kasuwa ce babba wadda baƙo ba ya gani da ido. Da ribar irin wannan talla ake tara wa yarinya kwanoni da tasoshin aure, ake zubin adashi, ake yin biki. Ka riƙe wannan a ranka, don za mu dawo kansa.

To, yaushe kayan kanti suka shigo? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan a 1929 aka kammala layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Yankin Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara ƙasar auduga ce, kuma inda aka sayar da auduga nan kuɗi ke sauka. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO suka baza kantuna a garuruwan da ke bakin dogo, suna sayen amfanin gona suna sayar da atamfa, gishiri, kananzir, sabulu da sukari. Daga kanti sai 'yan koli su ɗauka su kai kasuwannin ƙauye. Ta wannan hanya ce sukari mai ƙwaya na cikin kwali da minti da biskit suka san hanyar garuruwa irin su 'Yargoje. A farko abin marmari ne, tsarabar wanda ya je birni.

Bayan samun mulkin kai sai aka fara yin kayan a gida. Kamfanin Nasco ya kafu a Jos a 1963, daga baya ya shahara da biskit. An yi wa Cadbury Nigeria rajista a 1965, ya kafa masana'anta a Ikeja, kuma a 1970 ya fito da TomTom, baƙin mintin nan mai ratsin fari da ke wanke maƙogwaro, wanda har gobe ladanai da mawaƙa da masu mura ba su rabuwa da shi. Ga Buttermint, ga Eclairs, ga Choco Milo na kamfanin Nestlé, ga cingam iri-iri. A fannin sukari kuwa, an buɗe masana'antar Bacita a ƙasar Kwara ta yanzu cikin shekarun 1960, daga baya aka yi ta Savannah a Numan. Wani abin sha'awa, Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a Kano a 1957, ya sha faɗa da bakinsa cewa tun yana firamare yake sayen kwalin minti yana sayarwa. Yau matatar sukarinsa da ke Apapa a Legas tana cikin mafiya girma a Afirka.

Za ka lura cewa ban ambaci cakulan na sanda ba, irin wanda Turawa ke ɓantara suna ci. Dalili shi ne bai taɓa zama ɗan gari a ƙauyukanmu ba. Man koko yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, mu kuwa da bazara zafinmu kan haura digiri 40, ga ba firji, ga ba wuta. Saboda haka cakulan ɗin Turai sai dai in alhaji ya zo da shi cikin tsaraba, ko ɗan boko ya sayo a babban kanti a Kaduna ko Kano. Abin da ya zauna a teburin ƙauye shi ne minti mai tauri da ke jure rana da ƙura. Abin mamaki kuma, kokon da ake yin cakulan ɗin daga yankinmu na Afirka ta Yamma yake fita: Kwaddibuwa da Gana kaɗai suna noma fiye da rabin na duniya, Nijeriya ma tana cikin manya, har da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan a 1965.

Shi kuma farin sukari da ya yi arha, sai matan gida suka karɓe shi hannu bibbiyu. A nan ne aka sami yawancin abubuwan da kake kewa a yau, mai karatu: hanjin ligidi, ɗan tamatsitsi, tsami-gaye, carbin malam, ƙwaƙumeti, iloka, gullisuwa, tuwon madara da alewar madara. Muna kiransu kayan gargajiya, kuma namu ne ɗin, tunda mu muka ƙirƙire su muka raɗa masu suna. Sai dai ka duba abin da ke cikin tukunyar: sukari, madarar gari, fulawa, kala, leda. Mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Birazil ake shigo da shi. Madarar gari daga waje take zuwa. Alkamar fulawa ma haka. Ashe tun daga ranar da gullisuwa ta maye gurbin maɗi, farantin tallar 'yarmu ya ɗauru da farashin dala, mu ba mu ankara ba.

Yanzu mu zo kan batun ramar. Dattawa za su tuna zamanin anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam aka koma naira, sisi ya zama kwabo biyar, sule ya zama kwabo goma. A wancan lokaci naira ta fi dala daraja, kuma yaron da aka ba kwabo ɗaya yana da abin saye. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira. Daga nan sai ka bi takardun kuɗin da aka riƙa fitarwa: naira 50 a 1991, naira 100 a 1999, naira 200 a 2000, naira 500 a 2001, naira 1,000 a 2005. Duk lokacin da babba ta shigo ta sama, wata ƙarama na mutuwa ta ƙasa. A 2007 Babban Banki ya sake buga tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2, jama'a suka ƙi karɓa. Har ta kai mai kanti kan miƙo maka TomTom a madadin canji, minti ya zama kuɗi.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai sayen alewa yaro ne, shi kuwa yaro takarda ɗaya ake ba shi, mafi ƙanƙanta a aljihun uba. Mai alewa ba ta da ikon cewa ta naira goma ta koma sha uku, domin babu canjin naira bakwai a garin. Hanya biyu gare ta: ko ta ninka kuɗin gaba ɗaya yara su gudu wurin maƙwabciyarta, ko ta bar kuɗin yadda yake ta matsar da wuƙa. Sai ta matsar da wuƙa. Farantin da take yankawa gida ashirin ya koma talatin, gobe ya koma arba'in. In yankan ya kai inda ba ya ƙara yankuwa, sai a haura zuwa takarda ta gaba, alewar ta ɗan murmure, a sake sabon lale. Wata kuma takan rage madara ta ƙara fulawa, shi ya sa kake jin ɗanɗanon ma ya sauya. Manyan kamfanoni su ma sun gane wannan karatu. A 1993 aka fara sayar da madarar Cowbell a ƙananan ƙulli na leda, madarar da aka sa wa man tsirrai a maimakon man shanu don ta yi arha ta kuma daɗe. Yau kusan komai sai ka same shi a ɗan ƙulli.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A 2016 an yi ta cece-ku-ce a Ingila lokacin da masu cakulan Toblerone, mai siffar jerin duwatsu, suka faɗaɗa giɓin da ke tsakanin duwatsun: mai giram 170 ya koma 150, mai 400 ya koma 360. Surutu ya yi yawa har a 2018 suka maido da tsohuwar siffa, amma da ƙarin kuɗi. A 2017 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta ce ta gano kaya 2,529 da suka rage girma cikin shekara biyar. A 2024 kuma cuta da sauyin yanayi suka lalata gonakin koko a Gana da Kwaddibuwa, tan ɗaya ya haura dala 10,000, kafin ya sauko a 2025. Bambancinmu da su shi ne, Bature yana da nauyi a rubuce a jikin takarda, yana iya kama kamfani da hujja. Mu kuwa ma'auninmu ido ne da tuna baya. Kuma shi kamfanin can yana kare ribar masu hannun jari ne, ita kuwa matar 'Yargoje tana kare kuɗin cefanen gobe.

A kan wannan sai ga wata masifar ta tsaro. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma datse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Yuni 2024 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje kanta suka kashe mutane masu yawa, Allah ya jiƙansu. Ka haɗa wannan da cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da sakin naira da ya sa dala ta haura naira 1,500 a 2024. Buhun sukarin da zai taso daga Kano ko Funtuwa sai ya biya kuɗin mai, ya biya kuɗin kasada. Manomin da fadamarsa ke nesa da gari yana tsoron zuwa duba rakensa. Uwa tana fargabar tura 'yarta talla ƙauyen gaba. Garar amarya, wadda a da ake jera fanteka-fanteka na alkaki da nakiya da dubulan, a gidaje da yawa ta koma ɗan abin fita kunya.

Don haka, mai karatu, in kewar hanjin ligidin ƙofar firamare ta taso maka, ka yi kewarka, halal ne. Amma kada ka harari yarinyar da ta miƙo maka 'yar mitsitsiyar alewa, ba uwarta ce ta karya naira ba. In kana da hali, ranar suna ko biki ka ba matan unguwa aikin kantu da daƙuwa da nakiya, ka sayi mazarƙwaila a kasuwa ka kai wa yara su san ɗanɗanonta. Riɗi da gyaɗa da aya da rake duk a ƙasarmu suke tsirowa, ba su jiran jirgin ruwa daga Birazil. Abin da suke jira shi ne manomi ya iya zuwa gona ya dawo lafiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa kuɗinmu albarka, amin.