Daga majigi zuwa akwatin talabijin

Tun kafin a san talabijin a garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, majigi aka sani. Motar hukuma ce ke tasowa daga Sakkwato, a yi shela da la'asar, bayan isha'i a ɗaure farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi. Inji na ruri, ƙwari na rububin haske, mai bayani riƙe da lasifika yana zuba gishiri a inda hoton ya yi shiru. Yaran da suka rasa wuri sai su zagaya bayan ƙyallen, don daga can ma ana gani, illa dai dama ta koma hagu. Finafinan duk na wayar da kai ne, tsafta da rigakafi da noman zamani, irin su Baban Larai.

Sinimar kuɗi kuwa harkar birni ce, galibi a hannun Kwarori. An buɗe Rex a Kano a 1937, amma gidan kallo bai taɓa samun mutunci ba. Da gobarar sinimar El Duniya ta ci mutum fiye da 300 a 1951, da yawa cewa suka yi ishara ce. Dattijo ba ya so a gan shi a layin tikiti, matar aure kuwa ba a ma zancenta. Abin da ake haskawa na Indiya ne da na kaboyi.

Namu na gida ba su taka kara sun karya ba, kuma ba don rashin gwani ba. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya biyo da fim ɗin Kanta na Kabi. Amma da kuɗin gwamnati aka yi su, kuma sai an kai fim Turai kafin a wanke. An kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, a ganina bayan gari ya riga ya waye.

Dalili kuwa, talabijin ta riga ta shiga gida. Ta Kaduna ta fara a 1962, Sakkwato ta samu tata a shekarun 1970, aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sa ma'aikata sayen akwati, unguwa guda ta taru a zauren mutum ɗaya. Wasannin kwaikwayo irin su Samanja da Idon Matambayi na magana da Hausa, kyauta, har cikin ɗakin matar da ke kulle. Wa zai biya kuɗin mota zuwa birni?

Faɗuwar naira daga 1986 ta ƙarasa ragowar, domin ɗanyen fim da dala ake sayensa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, a kaset ɗin bidiyo. Daga nan Kannywood ta tsiro, kuma a talabijin ɗin ɗaki aka fara kallonta.