Bayanin da ke Zama Umarni: Nazarin Shaidar Tsaro a Kayan Aikin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙananan manhajojin da ake jona wa wakilan ƙirƙirarriyar basira domin su yi aiki da su, ta auna takardun shaidar tsaro na yanzu da ɓarakar da aka gani a 2025. Hujjarta ita ce, shaidun kamfani suke tantancewa da sunan mai manhaja, alhali haɗarin yana cikin bayanin manhajar da sabuwar sigar da ke biyowa bayan an riga an amince.

Yadda wakili ke zaɓen kayan aiki

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta tsara yadda wakili zai yi magana da manhajojin waje: mai aika imel, mai buɗe fayil, mai bincika rumbun bayanai. OpenAI ya karɓe ta a Maris ɗin 2025, Google ya biyo baya. Kowace manhaja tana gabatar da kanta da suna, da ɗan bayanin aikinta cikin magana ta yau da kullum, da jerin abubuwan da za a ba ta. Wakilin ba ya leƙa cikin manhajar. Bayanin nan kawai yake karantawa, a kansa yake yanke shawara.

A da, takardar bayanin manhaja ta mutum ce. In ta yi rauni, injiniya ya yi tsaki ya nemi wata. Yanzu mai karatun na'ura ce da ba ta iya rarrabe bayani da umarni yadda ya kamata. Bayanin da bai faɗi cewa manhajar na goge fayil ba, zai iya sa a goge fayil, ko da marubucinsa bai nufi kowa da sharri ba.

Abin da 2025 ta nuna

A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs da ke Zurich suka gina manhajar da aikinta tara lambobi biyu ne kawai. A cikin bayaninta suka cusa umarnin cewa wakili ya karanto mabuɗin sirri na kwamfutar mai amfani, ya miƙo shi tare da lambobin, kada kuma ya faɗa. Suka gwada a Cursor, wata manhajar injiniyoyi mai wakili a ciki, wakilin ya bi. Mai kwamfutar taƙaitaccen bayani yake gani a allo, wakilin kuwa duka yake karantawa. Babu ƙwayar cuta a rubutun manhajar da na'urar bincike za ta kama. Dafin yana cikin jimlolin Turanci.

Lamarin postmark-mcp ya fi tayar da hankali, domin shi ba gwajin ɗakin bincike ba ne. Wani ya kwafi manhajar aika imel ta kamfanin Postmark ya ɗora a rumbun npm, ba da sanin kamfanin ba. Sigoginta na farko lafiya ƙalau suke, mutane suka saki jiki. A siga ta 1.0.16 aka ƙara layi ɗaya tak, wanda ke tura kwafin kowane saƙo a ɓoye zuwa wani adireshi na waje. Kamfanin Koi Security ne ya bankaɗo shi a Satumbar 2025. Duk wanda ya bincika manhajar kafin wannan sigar zai ba ta shaidar lafiya, kuma bai yi ƙarya ba.

Ga kuma kurakuran gini na yau da kullum, irin wanda kamfanin JFrog ya gano a manhajar mcp-remote a Yulin 2025, mai lamba CVE-2025-6514, da aka ba maki 9.6 cikin 10 a ma'aunin haɗari.

Iyakar shaidun da ake da su

Mai saye yakan nemi rahoton SOC 2 ko shaidar ISO/IEC 27001, a kwanan nan har da ISO/IEC 42001 ta 2023 kan tafiyar da ƙirƙirarriyar basira. Dukansu suna da amfani, amma tsarin kamfani suke dubawa: wa ke riƙe da mabuɗi, ina ake ajiye bayanai, me ake yi in an yi kutse. Babu wadda ke bin bayanin manhaja jimla-jimla. Rajistar MCP da aka buɗe a Satumbar 2025 tana tabbatar da cewa mai sunan shi ne mai shafin GitHub ko adireshin intanet ɗin da ya ambata, wanda shaidar asali ce kawai. Hatta alamomin da ƙa'idar ta tanada, na cewa wannan manhaja karatu kaɗai take yi ko tana iya ɓarna, mai manhajar ne ke liƙa su da kansa, kuma ƙa'idar ta gargaɗi a ɗauke su marasa tabbas sai in daga amintaccen wuri suka fito.

Lambar NAFDAC a kwalin magani tana da daraja ne saboda abin da aka gwada shi ne ke cikin kwalin. Manhaja kuwa cikinta na iya sauyawa cikin dare, kwalin yana nan yadda yake. Don haka a ra'ayin wannan maƙala, shaidar da za ta amsa sunanta dole ta rataya a kan siga guda ƙayyadaddiya, ta haɗa rubutun manhajar da bayaninta a ƙarƙashin sa hannu ɗaya, ta faɗi da zarar ɗayansu ya sauya. Cursor ya ɗauki wani ɓangare na wannan hanya bayan kamfanin Check Point ya nuna masa cewa ana iya musanya tsarin da aka amince da shi ba tare da an sake tambaya ba: daga siga ta 1.3, kowane sauyi sai an nemi sabon izini.

Saura batun wanda zai biya kuɗin binciken. Dokar Tarayyar Turai kan juriyar kayan dijital, wadda ta fara aiki a Disambar 2024, za ta ɗora wa masu sayar da manhaja cikakken nauyi daga Disambar 2027. Sai dai ta keɓe manhajojin kyauta da ba na kasuwanci ba, kuma da yawa daga cikin kayan aikin da wakilai ke ɗauka a yau ɗaiɗaikun mutane ne ke rubuta su a lokacin hutunsu, su ɗora a npm ko GitHub ba tare da kowa ya duba ba.