Kwana Uku a Masaukin Bakin Gada

Ni ɗan Birnin Ƙonni ne, kuma tun ina yaro na san labarin shekarar da Nasara suka ƙone garinmu. Kakata ba ta san sunan Voulet ko Chanoine ba, ba ta kuma san a 1899 abin ya auku ba. Abin da ta ji daga bakin iyayenta shi ne an cika rijiyoyi da gawa, kuma waɗanda suka riƙe bindigogin baƙar fata ne irinmu, ana ce musu Sanagal. Wannan kalma ta daɗe tana ci mini rai. Saboda haka da wata hidima ta kai ni Dakar, sai na ware kwana uku na nufi arewa, zuwa Sanluwi, garin da mutanensa ke kira Ndar, don na ga inda aka ƙirƙiro rundunar da ta iso ƙofar gidanmu.

Tsohon garin tsibiri ne a tsakiyar kogin Sanagal, dab da inda yake faɗawa Tekun Atlantika. Tsawonsa kamar kilomita biyu ne, faɗinsa kuwa bai kai rabin kilomita ba, don haka ƙafa ta ishi mai yawo. Faransawa suka kafa shi a 1659, ya yi arziki da cinikin ƙaro da bayi, ya kuma zama hedkwatar dukkan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa daga 1895 zuwa 1902. Ana shiga ta gadar ƙarfe ta Faidherbe, mai tsawon mita 507, wadda aka buɗe a 1897. Da sauka daga gadar sai ga masaukina, Hôtel de la Poste, wanda ake ƙirga shekarunsa tun daga 1850.

Gida ne mai riƙe da tarihin baƙinsa. Duk bangon da ka duba hotunan jirage ne da na matuƙan Aéropostale, kamfanin da ke ɗaukar wasiƙu daga Tulus ta Faransa, ya bi gaɓar Afirka, har Kudancin Amurka. Shahararren cikinsu Jean Mermoz ne, wanda ke kwana a ɗaki mai lamba 219. A watan Mayu na 1930 ya tashi daga wannan gari cikin jirgi mai sauka kan ruwa, ya ƙetare teku zuwa Natal ta ƙasar Birazil cikin kusan awa 21. A Disamba 1936 ya tashi daga Dakar, teku ta haɗiye shi da abokan tafiyarsa, ba a sake ganinsu ba. Na tsaya gaban hotonsa na jinjina wa jaruntakarsa, domin jarumi jarumi ne ko daga wace ƙasa ya fito. Amma ba shi na zo nema ba. Masauki yana tuna wanda ya kama ɗaki. Wanda bai taɓa kwana a ciki ba, sai an fita waje a neme shi.

Da gari ya waye na taka, ban yi tafiyar minti biyar ba na isa dandalin da ke gaban fadar gwamna. A nan mutum-mutumin Louis Faidherbe ya tsaya fiye da shekara ɗari, har iska mai ƙarfi ta kayar da shi a 2017. Faidherbe ya zama gwamna a 1854, kuma da shawararsa aka kafa rundunar sojan baƙar fata mai sunan Sanagal a watan Yuli na 1857. A cikin wannan wata ne ya hau kogi da jirgin ruwa mai hayaƙi don ya ceci sansanin Faransawa na Medine, a ƙasar Mali ta yau, wanda Alhaji Umaru Futi ya yi wa ƙawanya wata uku. Alhaji Umaru kuwa ba baƙo ba ne a wajenmu. A hanyarsa ta dawowa daga Makka ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya auri 'yarsa. Ɗansa Ahmadu, da Faransawa suka ƙwace masa Segu a 1890, gabas ya yi ta gudu har ya rasu a ƙasar Sakkwato. Ashe igiyar da ta ɗaure wannan tsibiri da ƙasar Hausa ta girmi ƙonewar Ƙonni.

A wannan dandali ne kuma na yi ta juya wani abu da littattafai suka riga suka gaya mini amma zuciyata ba ta karɓa ba. Da yawa daga cikin sojojin farko na rundunar bayi ne da gwamnati ta fanso daga iyayen gijinsu, ta ɗaure su da aikin soja na shekaru masu yawa. Daga baya aka riƙa ɗibo su daga ƙabilu dabam-dabam, Bambara da sauransu, sunan Sanagal ɗin ne kawai bai canja ba. Wannan ba ya wanke hannun wanda ya harbi tsohuwa a bakin rijiya. Amma na zo da fushin dangi ina neman maƙiyi, sai na tarar da bawa wanda aka canja wa ubangida, aka miƙa masa bindiga.

Mutanen Ndar su ma suna da nasu tabon. A wannan fada, ranar 5 ga Satumba 1895, aka gurfanar da Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Gabon. Almajiransa suna ruwaito cewa ya yi sallah raka'a biyu a gaban masu shari'ar, kuma har yau kowace shekara sukan taru a garin don tunawa da waɗannan raka'o'i. Na lura ba su jira wani ya rataya musu hoto a bango ba. Da ƙafafunsu suke zuwa su raya abin.

Rana ta uku na haye ƙaramar gada zuwa Get Ndar, unguwar masunta, wadda ke kan siririn yashi tsakanin kogi da teku. Jiragen kamun kifi masu zanen launi sun jeru kamar shanu a kara, amma a bakin teku akwai gidajen da igiyar ruwa ta rushe, ɗakunansu a buɗe. A Oktoba 2003, don a tsirar da garin daga ambaliya, aka yanka yashin nan kudu da gari, faɗin mita huɗu kacal. Ruwa ya yi ta cin gefensa har ya kai kilomitoci, ya cinye ƙauyen Dun Baba Jey. UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, amma teku ba ta karanta takarda.

Da dare na zauna a barandar masauki ina kallon fitilun gada a kan ruwa. Baƙo raɓa ne, gobe zan wuce kamar yadda Mermoz ya wuce. Shi yana da lambar ɗaki, Faidherbe yana da gada, Shehu Bamba yana da almajirai. Waɗanda aka jefa a rijiyoyin Ƙonni ba su da komai sai bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna ƙarewa, kamar yadda yashin Get Ndar ke ƙarewa. Kakata ta rasu ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Na roƙi takarda a wurin mai karɓar baƙi, na fara rubuta abin da na tuna, tun kafin shi ma ruwa ya tafi da shi.