Tasar da Na Tsinto a Bakin Sikeli

Tasar tagullar da nake zuba dabino a ciki duk azumi, a baron wani yaro ɗan jari-bola na tsinto ta. Ya tsaya a ƙofar gidanmu yana ta kiran a kawo tsohon ƙarfe, na leƙa baron kawai don ganin ido, sai na hango gefenta a ƙarƙashin wani mataccen risho. Ta yi baƙi ƙirin, amma da na goga da babban yatsa sai zanen ya fito, irin ɗige-ɗigen nan da maƙeran Bida suke bugawa da ƙusa da guduma. Na ce nawa? Ya ɗora ta a sikeli, ya faɗi kuɗin nauyinta. Abin da na ba shi bai kai kuɗin mudun shinkafa biyu ba, kuma har godiya ya yi.

Ba wayona ba ne ya sa na gane ta. Gwaggona dillaliya ce a cikin birnin Kano, ni ne kuma ɗan ɗaukar mata kaya tun ina firamare, a shekarun da naira ta maye gurbin fam, wato daga 1973 zuwa sama. A lokacin matar aure ba ta zuwa kasuwa, sai dai kasuwa ta je mata, kuma kasuwar ita ce tsohuwa irin Gwaggo, da ƙullin kaya a ka, tana shiga gida tana fita gida. Mace ta ja ta ƙuryar ɗaki, ta zaro langa ko zane ko warwaro ta ce, "Iya, a rufa mini asiri." Gwaggo ta karɓa ta sa a ƙasan ƙulli. Ko da wasa ba ta taɓa faɗin mai kaya ba. Idan mai saye ta matsa da tambaya, amsarta ɗaya ce: "Kaya kike so ko suna?" In an yi ciniki ta cire la'adarta, ta kai wa mai abu kuɗinta da daddare.

A wurinta na fahimci cewa jeren ɗakin mace shi ne bankinta. Ranar da ciwo ya zo, ko bikin 'ya ya matso, ko maigida ya karye, bango ake dubawa a sauke abin da za a sauke. Amma akwai abin da ya fi talauci fitar da kaya daga ɗaki, shi ne yayi. Mu mutane ne masu kunyar tsohon abu. Ba a kai amarya da kwanon da uwarta ta ci abinci a ciki, ko da ya fi na kanti ƙarko sau goma, don kada dangin miji su samu abin faɗa. Saboda haka duk lokacin da yayi ya juya, kaya masu kyau sukan zubo kasuwa a farashin banza.

Kakannin kakanninmu da ƙwarya da akushi aka yi musu jere, mai hali kuma a ƙara mata tasoshin tagulla. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, aka buɗe hanyar a 1912, kantunan kamfanoni irin su John Holt da na Kwarori suka fara cika gari da kwanuka masu fenti. Daga Turai ake kawo su da farko, har da na Cekoslobakiya, daga baya na Hongkong suka shigo, bayan samun 'yancin kai kuma aka koma yin su a cikin ƙasa. Langa, fanteka, kwalla, samira, kowanne da furanninsa ja da kore. Wa zai kalli tasa mai buƙatar a yi ta dirza da toka da tsamiya, ga abu mai ƙyalli da ruwa kawai yake so? Haka tasoshi suka koma ƙarƙashin gado. Su ma kwanukan fentin, tangaran da gilashi suka zo suka ture su, sannan kuloli suka ture tangaran. Lefe kansa, wanda asalinsa kwandon kaba ne, ya bi ta kwalla da fantimoti kafin ya zama saitin akwatuna. Gado kuwa na ga zamani uku da idona: mai rumfa na ƙarfe da ake hawa da tsalle, da ɗan Vono da bakin mutane ya mayar bono, da na fomika mai madubi da gurbin rediyo. Na taɓa rakiyar wani gado mai rumfa a kan kura zuwa Kasuwar Rimi, mai kan tagulla huɗu, aka sayar da shi a kuɗin da ba zai sayi katifa ba. Gwaggo ta yi tsaki ta ce wannan gadon sai ya binne jikokin wanda ya saye shi.

Gwanjo shi hanyarsa daban. Kalmar daga bakin Yarabawa muka aro ta, kuma ma'anarta ta farko ba tsofaffin riguna ba ce. Ciniki ne na a tara jama'a, a kaɗa ƙararrawa, a ɗaga abu kowa ya taya, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Gwamnati tana gwanjon motoci da kujerun da ta gama da su, Bature ma in zai koma gida yakan yi gwanjon kayan gidansa. An yi irin wannan da yawa wajejen 1960, aka sake yi bayan dokar 1972 da ta mayar da kamfanoni da dama hannun 'yan ƙasa. Mahaifina ya halarci ɗaya a unguwar Nasarawa. Ya ce mutane suka yi ta kokawa a kan rediyo da firji da fanka, teburin cin abinci kuwa aka rasa mai tayawa, don wa zai ci tuwo a kan tebur? Shi ya ɗauke shi, don ya samu wurin ajiye littattafai. Rediyon da firjin sun daɗe da zama tarihi. Teburin, na maɗaci ne zalla, babu ƙusa ko ɗaya a haɗinsa, yana nan a zauren gidanmu, ƙarti huɗu ke ɗaga shi. Sif ɗin da na yi wa 'yata na aure shekara shida da suka wuce, na dusar katakon nan da ake matsewa a lulluɓe da leda, damina biyu ya gani ya kumbura.

Bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya naira, sai kalmar ta sake gida. Sabo ya gagari talaka, kayan Kwatano da na Beljiyam suka cika kasuwa, gwanjo ya zama dilar tufafi da ake kwancewa a Ƙofar Wambai. Yaron yau in ka ce masa gwanjo, rigar sanyi zai kawo a ransa.

To su wa suka san darajar abin da muke zubarwa? 'Yan koli. Su ne suke bin ƙauyuka da sababbin kwanuka suna musanya da tsofaffin kaya, su kawo Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ko su baza a ƙofar otal inda Turawa ke sauka. Ba a nan kaɗai ba: wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya fitar da littafi a 1994 a kan cinikin kayan gargajiya a Abijan, kuma Hausawa na cikin manyan 'yan kasuwar da ya tarar a can. Sana'a ce ta ido da haƙuri, tana kuma da nata algus. An san yadda ake rataye sabon sassaƙa a madafa hayaƙi ya dafa shi, ko a binne sabon ƙarfe a danshi, bayan wata uku ya fito kamar ya ga zamanin Shehu.

Ni ma na taɓa shiga hannu, kuma laifina ne. Na ga liyari, azurfar nan mai kan mace da tsofaffi ke sarƙa da ita, an rubuta 1780 a jiki. Na ƙirga shekaru a zuci, jikina ya ɗau rawa, na biya ba tare da na taya sau biyu ba. Mai kayan bai yi mini ƙarya ba, shiru kawai ya yi. Daga baya na gano cewa wannan kuɗi na sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, tun da ta rasu a 1780 ake ta sake buga shi da wannan shekarar, har a ƙarni na ashirin. Nawa azurfa ce ta gaske, amma kuɗinta kuɗin nauyinta ne. Wannan ma da sauƙi a kan masu neman arzikin dare ɗaya. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsohon keken ɗinki na Singer yana ɗauke da wani jan sinadari mai tsadar gaske, mutane suka yi ta saye da kuɗin hauka. Mu ma an yi mana irinta a kan dutsen guga mai zakara da tsohuwar talabijin. Har yau ban ga wanda ya gina ko shago da wannan sinadari ba.

Wani lokaci kuma abin ya wuce maganar riba. A 1943 aka kai wa wani jami'in mulkin mallaka, Bernard Fagg, wani kan mutum na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a. Wanda ya tsince shi kafa shi ya yi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi. Wannan kan yana cikin abubuwan da suka buɗe wa duniya tarihin mutanen Nok, wanda ya haura shekara dubu biyu, kuma Fagg ɗin ne ya tsaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Irin wannan kaya ba na ciniki ba ne, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da su ƙasar waje ba izini. Rashin sani dai, kaza ta kwana a kan dami.

Wannan rashin sanin shi ne jarin duk mai farautar araha, kuma nan ne abin yake ɗan sosa mini rai. Malamanmu sun karantar da mu cewa an hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Na sha tambayar kaina ko yaron baron nan ba bafatake ba ne a ranar. Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne, da ban leƙa ba, da tasar ta kwana a Ƙofar Ruwa, ta wayi gari a tukunyar narka ƙarfe. 'Yan koli ko ba komai sun san abin da suke riƙe da shi, sikeli kuwa nauyi kawai ya sani. Don haka in kuna share ɗakin tsohuwa bayan rasuwa, ku dakata da kiran mai baro, ku fara nuna wa wata dattijuwa a dangi ta faɗa muku sunan kowane abu da inda ya fito.

Bayan sati guda na sake ganin yaron, na ƙara masa wani abu, na tambaye shi ko tasar tana da murfi. Ya ce tana da shi, mai ɗan tuntu a sama, amma tun ranar ya haɗa shi da wayoyin wuta an auna.