Rauni Ne Ke Haɗa Tawaga: Rukunan Gwaraza a Wasannin Kwamfuta na Almara ta Fuskar Tarihin Yaƙin Borno

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake kasa gwaraza rukuni-rukuni a wasannin kwamfuta na almara da aka fi sani da RPG, inda mai wasa ke jan tawagar mutum huɗu ko shida zuwa fagen daga. An fi mayar da hankali kan wasannin da 'yan sha'awa ke haɗawa da hannunsu a gida. An karanci ƙa'idojin lissafin da ke ƙarƙashin wasannin, sannan aka gwama su da abin da Imam Ahmad bn Furtuwa da matafiyan Birtaniya Dixon Denham da Hugh Clapperton suka rubuta a kan yaƙi a Borno da ƙasar Hausa. Matsayar maƙalar ita ce, abin da gwarzo ya kasa yi shi ke tabbatar da rukuninsa, kuma tarihinmu ya tanadi irin wannan rauni filla-filla ga duk mai son gina wasa a kansa.

1.0 Gabatarwa

Abin da ya haifar da wannan nazari ya faru ne a falon gidanmu da ke tsohuwar GRA a Maiduguri, a lokacin dogon duhun da ya biyo bayan rusa turakun lantarkin hanyar Damaturu a watan Janairun 2021. Ɗan ƙanwata, wanda a lokacin yake shirin shiga jami'a, yakan yi cajin kwamfutarsa da hasken rana, ya kwana yana haɗa wasa da manhajar RPG Maker, tunda ba ta buƙatar intanet. Wata rana ya kira ni in gani. Ya zana mahayi cikin lifidi mai ja da rawaya, da kwalkwali da mashi, irin wanda muke gani a hawan Sallah a ƙofar fadar Shehu. Na karɓi wasan na buga. Abokan gaba suka yi ta sara da harbi, ma'aunin ran mahayin ko gezau. Sauran mutum ukun da ke bayansa kuwa, har aka gama faɗan ban taɓa su ba.

Na ce, "Ɗana, waɗannan ukun me suka zo yi?"

Ya ce, "Kawu, ai ɗan lifidi ba ya kasuwa. Rakiya suka yi masa."

Wannan amsa tasa ita ce matsalar da maƙalar ke bi. Yaron ya ɗauko tufar tarihi daidai, ya bar dokar da ke tafe da tufar. Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai: ɗan lifidin da ya sani na hawan Sallah ne, wanda ba a harbinsa.

2.0 Asalin rukuni da tawaga

Kasa gwaraza rukuni-rukuni ya samo tushe daga wasan tebur na Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Rukuni uku ne a cikinsa: mayaƙi, da mai sihiri, da malamin addini mai warkarwa. An ƙara ɓarawo a 1975. 'Yan sha'awa ne suka fara ɗora tsarin a kwamfuta, ɗalibai masu amfani da na'urar PLATO ta Jami'ar Illinois a tsakiyar shekarun 1970, tun kamfanoni ba su shigo ba. Daga nan Wizardry ta fito a 1981 da tawagar mutum shida, inda ukun gaba ne kaɗai ke iya kai sara, su ne kuma ke shan sara. A 1987 kamfanin Square na Japan ya fitar da Final Fantasy mai rukuni shida, mai wasa ya zaɓi huɗu.

Abin lura a dukkan waɗannan shi ne hani. Mai sihiri ba ya sa sulke mai nauyi, ransa kuma kaɗan ne. Mayaƙi ba ya warkar da kowa. Da an ba mutum guda komai, da babu dalilin tafiya da wani. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mai tsara wasa sai ya fara tabbatar da cewa jinkar tana da nauyi.

3.0 Abin da lissafi ke nunawa

RPG Maker ta fara ne a Japan a farkon shekarun 1990, kuma zubinta na MV da ya fito a 2015 yana iya fitar da wasa zuwa wayar Android. Kowane rukuni a cikinta yana da ma'aunai takwas: rai, ƙarfin sihiri, hari, kariya, harin sihiri, kariyar sihiri, zafin nama, da sa'a. Ƙa'idar sara da manhajar ke zuwa da ita kuwa mai sauƙi ce: a ninka harin mai sara sau 4, a ninka kariyar wanda aka sara sau 2, a debe na biyu daga na farko.

Mu gwada. Maharbi mai hari 20 zai fito da 80. In ya harbi mai kariya 10, za a debe 20, saura 60. In ya harbi mai kariya 30, saura 20. In kariyar ta kai 40, babu abin da ya rage. Nan ɗan ƙanwata ya faɗa: ya ba ɗan lifidinsa kariyar da ta ninka harin duk wani abokin gaba, wasan ya mutu tun ba a fara ba.

Sai dai manhajar da kanta ta tanadi magani. Ana iya sa wani rukuni ya fi jin zafin wani nau'in hari, kamar wuta. Ana iya rage masa zafin nama har ya zama shi ne na ƙarshen motsi a kowane zagaye. Ana iya sa abokan gaba su fi auna shi, ko ya riƙa tare wa ɗan'uwansa sara idan ran ɗan'uwan ya yi ƙasa da rubu'i. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne sanin wane rauni ya dace da wane gwarzo, kuma a nan ne tarihi ke da bakin magana.

4.0 Shaidar tarihi

Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kananeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1390 da 1410. A Borno kuwa, Imam Ahmad bn Furtuwa, limamin Mai Idris Alauma a Birnin Gazargamu, ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 16 cewa Mai ya samo 'yan bindiga Turkawa, ya kuma horar da bayin gidansa harbi da ita. Bayaninsa na yaƙe-yaƙen Mai yana nuna runduna mai sassa: 'yan garkuwa, da 'yan baka, da 'yan bindiga, da mahaya, kowa da gurbinsa. Sarautun ƙasar Hausa irin su Madawaki da Sarkin Baka da Sarkin Lifidi da Sarkin Bindiga ragowar wannan rabon aiki ne.

Misali biyu sun fi kowane amfani ga mai tsara wasa, domin a dukkansu tawaga ce ta gaza.

Na farko ya faru a watan Afrilun 1823, wata biyu bayan isowar Denham Kukawa, fadar Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi. Denham ya bi wani hari zuwa kudu, wanda ya haɗa Larabawa 'yan bindiga na Bu Khalum, da mahayan Borno ƙarƙashin Barka Gana, da dakarun Sarkin Mandara. Suka auka wa wani garin Fulani da Denham ya kira Musfeia. Mutanen garin suka laɓe bayan shinge suna ruwan kibiya mai dafi. 'Yan bindiga suka matsa gaba, amma yawancin mahayan da ya kamata su rufa musu baya suka tsaya kallo. Da mahayan Fulani suka fito, rundunar ta watse. Bu Khalum ya mutu a hanyar gudu da dafin kibiya a jikinsa, Denham kansa da ƙyar ya tsira, an tuɓe shi tsirara. Bindiga mai ɗuri tana da ƙarfi, amma tsakanin harbi da harbi mai ita tamkar maras makami ne. In za a mayar da wannan lissafi, ɗan bindiga zai yi ɓarna mai yawa a zagaye ɗaya, ya ɓata zagaye biyu yana ɗuri, kuma a cikin biyun nan rayuwarsa tana hannun wani.

Na biyu ya fi kusa da ɗan lifidinmu. A 1826 Clapperton ya ga harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a garin da ya rubuta Coonia. Ya ga 'yan lifidi a cikin rundunar. Ya lura cewa saboda nauyin kayan, sai mutum biyu sun ɗora mahayin a kan doki, dokin kuma ba ya sauri. Gobirawa suna da bindiga guda, kuma ita ta kayar da na gaban 'yan lifidin, sai da dakarun ƙasa suka janye shi da dokinsa. Lifidi auduga ce aka ɗinke cikin ƙyalle: tana shanye kibiya, ba ta tare harsashi, kuma wuta abokiyar gabarta ce. Ga rukuni cikakke ya fito da kansa: kariya mai yawa daga kibiya, nawa wajen motsi, tsoron wuta da harsashi, in kuma ya faɗi ba ya tashi sai ɗan'uwa ya sadaukar da zagayensa ya ɗaga shi.

A wannan faɗa kuma Clapperton ya ambaci wata tsohuwar baiwa Bazamfariya, tana kan doki da goruna cike da ruwa da ƙwaryar tagulla, tana shayar da masu rauni da masu ƙishi, ya kuma sa ta cikin mafi amfani da jarumta a wurin. Ni a ganina babu mai warkarwa a duk wasannin Japan da ta kai wannan tsohuwa dacewa da wasanmu. Ba ta da makami, ruwanta yana ƙarewa, kuma dole ta shiga inda kibiya ke sauka kafin ta yi aikinta. Wanda ya taɓa ratsa filin Borno a watan Afrilu ya san ƙishi ma'auni ne da ya cancanci gurbin da manhaja ta ware wa ƙarfin sihiri.

5.0 Sihiri, bauta da abokin gaba

Akwai wurare uku da kwafo tsarin waje kai tsaye ke kawo cikas. Na farko sihiri. A Maiduguri, garin allo da tsangaya, wasan da gwarzonsa ke tsafi yana ta da matattu zai sha tambaya a gida tun kafin ya kai kasuwa. Mafita tana nan kusa. Wanda ya faɗi a ce ya suma, mai ruwa ta farfaɗo da shi. Aikin ƙara wa tawaga ƙarfi a ba makaɗi ko maroƙi, wanda kirarinsa ke sa mahayi ya manta da tsoro. Ganga da kakaki da algaita tun asali kayan fagen daga ne. Dafin da ke cin rai sannu a hankali kuwa na maharbi ne, babu buƙatar wani boka.

Na biyu bauta. Harin Musfeia na neman bayi ne, tsohuwar nan baiwa ce, Kachallolin Borno da yawa bayin sarki ne. Mai wasa zai iya barin wannan a gefe, amma kada ya yi masa ado.

Na uku shi ya fi damuna. Garin da ya ga abin da Maiduguri ta gani tun 2009 bai kamata 'ya'yansa su haɗa wasan da abokin gaba a cikinsa wata ƙabila ce mai rai, wadda jikokinta ke zaune a aji ɗaya da mai wasan ba. Almararmu ba ta rasa dodanni ba: ga ƙattin mutanen Sau na labaran tafkin Chadi, ga macijin rijiyar Kusugu ta Daura, ga Dodo na tatsuniya. A ɗauki dabarar yaƙi daga tarihi, a ɗauko abokin gaba daga can.

6.0 Inda aka kwana

Na waje sun riga sun gano wannan taska. A watan Agustan 2021 wasan Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummunsa, da Sarauniya Amina da birnin Kano, da mayaƙan da ya kira Lifidi da Maigadi. Wasan jan runduna ne, ba na tawaga ba, kuma ba a nan aka yi shi ba. A Kamaru maƙwabciyarmu, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan almara da aka gina a Yawunde a kan al'adun Afirka. Ke nan abin mai yiwuwa ne a wannan yanki.

Ɗan ƙanwata ya koma ya rage kariyar mahayinsa, ya sa wuta ta riƙa cinsa ninki biyu, ya cire mai sihirin da ke cikin tawagar ya sa tsohuwa mai gora. Da na sake bugawa, sai da aka kashe ni sau uku kafin na gane dole in ajiye maharbi a bayan ɗan lifidi, in kuma hana kibiya isa ga tsohuwar ko ta halin ƙaƙa. A karo na huɗu na ci, kuma babu ko ɗaya cikin huɗun da bai yi aiki ba.

Kira na ga malaman sashen tarihi da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Maiduguri shi ne su haɗa ɗalibansu a aikin kammala karatu guda: na tarihi ya fito da bayanin Furtuwa da Denham da Clapperton cikin Hausa da Kanuri masu sauƙi, na kwamfuta ya mayar da shi lissafi, a fitar da wasan a wayar Android da ba ta buƙatar data.