Zane da Ɗankwali a Fagen Siyasa

A ƙasashe da yawa babu la'anar da ta fi ta tsohuwa wadda ta kwance zanenta a gaban namiji. Abin nufi shi ne, ga inda ka fito, ka kuwa wulaƙanta shi. Saboda haka mata suka mai da tsiraici makami, sa'ad da roƙo da kuka suka kasa.

A cikin shekara ta 1929 matan ƙasar Ibo da Ibibiyo suka tashi saboda jin za a ɗora musu haraji. Waɗansu suka fito ba riga, sun shafe jiki da farar ƙasa. Soja suka buɗe wuta, mata fiye da 50 suka mutu. A Abekuta kuma, cikin 1947 da 1948, Funmilayo Ransome-Kuti ta ja dubban mata suka yi ta kwana a ƙofar fadar Alake, har ya sauka daga sarauta a farkon 1949.

Ƙasashen Larabawa nasu ya sha bamban. A 1923 Huda Sha'arawi ta yaye lulluɓin fuskarta kawai a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira, aka yi ta magana shekara da shekaru. Matan Masar suka sami ƙuri'a a 1956. Amma da Aliya al-Mahdi ta sa hotonta tsirara a intanet a 2011, da Amina ta Tunis a 2013, mutane ba su ga uwa mai la'ana ba, sai yarinya marar kunya. Aliya ta yi gudun hijira, Amina ta sha ɗauri.

To, mu komo Zazzau. A nan, inda a wancan zamani matar aure ba ta ƙetare zaure sai da dare, ba da tuɓe zane aka yi faɗan ba. Fitowar kanta ita ce tawayen. Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU tun tana yarinya, ta hau dandamali ta yi lacca gaban maza, ta bi gidajen kulle tana wa'azin ƙuri'a da ilmin 'ya'ya mata. Har Abekuta ta je wajen Funmilayo. Aka ɗaure ta sau 16, aka kore ta daga Kano, aka yi mata bulala, aka aske mata kai da fasasshen kwalba. Duba fa, kan mace a ƙasar Hausa tsiraici ne. Ashe a nan masu iko ne suka ɗauki wannan makami, don su kunyata ta ta yi shiru. Ta ɗaura ɗankwali ta koma dandamali.

Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, na Arewa kuwa sai 1976. Hajiya Gambo ta ga ranar da idonta. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta aka sa masa.