Albashi da Litar Fetur: Daga Lita 625 Zuwa 68

Duk mun taso muna jin manya na cewa a zamanin Shagari kwabo 20 ake sayar da litar fetur. Gaskiya ne, haka farashin yake a 1982. Amma kwabo 20 ɗin ba ta gaya mana komai sai mun san nawa ne a aljihun mai saye.

A 1981 aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi, naira 125 a wata. Idan muka raba da kwabo 20, masinja ko mai shara na iya sayen lita 625 da albashinsa. Da wannan mudun za mu auna sauran shekarun.

Babangida ya kai lita kwabo 39.5 a 1986, shekarar da aka shigo da shirin SAP, darajar naira ta fara zubewa. A 1991 lita kwabo 70, albashi naira 250, wato kusan lita 357. A 2000 Obasanjo ya ce naira 30, ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki, aka dawo 22. Albashi 5,500, lita 250 ke nan.

Sai dai kada mu ɗauka gangara ce zalla. 'Yar'Aduwa ya mayar da lita naira 65, da albashi ya koma 18,000 a 2011 sai ma'aikaci ya samu kusan lita 277, fiye da na 2000. Daɗin bai jima ba. Ranar 1 ga Janairu 2012 Jonathan ya janye tallafi, lita ta kai 141, zanga-zanga ta sauko da ita 97. A 2016 Buhari ya kai ta 145, albashin nan dai na 18,000 ya koma lita 124.

Babbar faɗuwa ta zo bayan jawabin Tinubu na 29 ga Mayu 2023. A watan Yuli lita ta kai naira 617 a Abuja, albashi kuma 30,000, ko lita 50 ba ta cika ba. Aka ɗaga albashi zuwa 70,000 a 2024, amma a Oktoba lita ta kai 1,030. Lita 68.

Lissafin nan ma ya yi wa gwamnatoci adalci fiye da kima, don farashin takarda ne. A zamanin Abacha lita naira 11 ce a hukumance, amma mutane sun kwana a layin gidan mai, wanda ya gaji ya je wajen 'yan bumburutu ya biya ninki. Kuma yawancinmu ba 'yan albashi ba ne. Manomin rani mai injin ban ruwa da mai Keke Napep babu dokar da ke ƙara masu kuɗin shiga idan mai ya tashi.

Saboda haka idan muka sa Malam Audu a labarin da ya faru a 1982 yana kukan tsadar mai, mu tuna cika tankin babur ɗinsa bai wuce naira biyu ba, ko da shi ne mafi ƙarancin albashi a ofishinsu.